Bai Amsa Ba: Habsa Ɗanliti da Kujerar Manzo

Shekara talatin da ɗaya, duk ranar aiki, ƙarfe bakwai da rabi Habsa Ɗanliti take isa ƙofar Kwamitin Rijiyoyi da Mashaya da ke Filinge, a ƙafa, da mabuɗi ɗaure a bakin gyalenta. Tana buɗewa sai ta yi sallama, alhali ta san babu kowa a ciki. Daga nan ta tura tagogin ƙarfe, ta karkaɗe kujeru bakwai da ke kewaye da dogon tebur, ta yaye wa na'urar bugun takardu ƙyallenta, ta fito da babban rajistan taro mai baƙar fata ta ajiye a gabanta. Ita ce sakatariyar kwamitin. A ƙarshen watan jiya ta miƙa mabuɗin ta koma gida, kuma ban ji gidan rediyo ko ɗaya ya ambaci sunanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni Abdurrazak ne, tsohon ma'aikacin kula da dabbobi. Na zauna a ɗaya daga cikin kujerun nan bakwai shekara goma sha biyu, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma ba duka ba ne yake yi mini daɗin faɗa.

Aikin kwamitin shi ne ya tsara wanda zai sha a wace rijiya, da inda garke zai tsaya, da wanda za a ba izinin haƙa sabuwa. A ƙasar Kurfai wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar da ta kafa shi ta ce kujera ɗaya ta manoma ce: su za su taru su zaɓi mutuminsu, minista a Yamai ya sa hannu a kan sunan da suka aika. Ta kuma ce ba a taɓa rijiyar gari sai da yardar mai wannan kujera. Manoma suka zaɓi Manzo Ɗangoma na Tungar Muna, can bayan Bonkuku, dattijo mai taurin kai da bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, wanda yake dangwala babban yatsa a madadin sa hannu. Kujerarsa tana dama da tawa. Kullum yana ƙanshin taba gari, kullum kuma sai ya ce mini allurarmu ce take kashe awaki.

Habsa tana da wata al'ada da muke yi wa dariya. Kafin a fara taro sai ta miƙe ta kira sunan kowa da ƙarfi, kamar malamar aji, kuma ba ta rubuta cewa mutum ya zo sai ta ji muryarsa. Ko kana zaune a gabanta, hancinka kusa da nata, sai ka amsa. Wanda ya yi shiru takan kira shi sau uku. Na taɓa ce mata, “Madam Habsa, ai ga ni, kina gani na.” Ta ce, “Likita, idona ka ganin ka. Rajista ba shi da ido, sai abin da anka hwaɗi mishi.”

Shekara tara ke nan, cikin damina, Manzo ya rasu. Mu duka muka cika mota muka je gaisuwa, har da Perzidan, wato shugaban kwamitin na lokacin. Mun zauna a kan tabarma, mun sha fura, mun yi addu'a. Sai dai a Tungar Muna babu wanda ya taka zuwa wajen hukuma don a rubuta mutuwar. Ba a saba ba. An wanke shi, an yi masa salla, an rufe shi, kowa ya gani, to takardar mece ce kuma?

A daidai lokacin akwai wani attajiri mai shanu fiye da dubu da ya ɗora ido a kan Rijiyar Tambara, rijiyar da Tungar Muna da ƙauyuka huɗu suke sha. Ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. So yake a ba shi ita ya kewaye da waya, ya sa inji. Manzo yana da rai ya ƙi sau biyu. Kowa ya san duk wanda manoma za su zaɓa bayansa shi ma zai ƙi.

Da wa'adinmu ya ƙare a ƙarshen shekara, muka jira a kira manoma zaɓe. Ba a kira su ba. Sai ga takarda daga Yamai, wadda ake kira arete, da sa hannun ministan lokacin da hatiminsa, ta sabunta mu duka bakwai na wasu shekara uku. Suna na biyar a jerin: Manzo Ɗangoma, wakilin manoma. Na karanta na yi dariya, na ce kuskuren masu bugu ne.

Ranar taron farko dariyar ta ɗauke. Muna yin taro ranar Alhamis ta farkon wata, ƙarfe goma sha biyu na rana, lokacin da titi yake zama wayam, ko akuya ba ta gittawa. Muka shiga muka tarar an jera kofin ruwa bakwai, ɗaya a gaban kujerar Manzo. Takardar halarta tana kan tebur. Na jawo ta zan sa hannu, sai na ga a layi na biyar an riga an dangwala yatsa. Har da ɗan farin layin nan a tsakiya, tabon da igiyar guga ta yi masa tun yana saurayi. Na taɓa da farce. Tawadar ba ta bushe ba.

Perzidan ya ce, ko murmushi babu, “Da sahe ya zo, ya dangwala, ya tahi. Shina da uzuri.”

Ni dai ban san lokacin da na janye kujerata daga tasa ba.

Habsa ta miƙe da rajistanta. Ta kira na ɗaya, ya amsa. Na biyu, na uku. Na amsa nawa da murya kamar ta mai mura. Sai ta ce, “Manzo Ɗangoma.” Ta jira. “Manzo Ɗangoma.” Ta kalli kujerar kai tsaye, kamar mai ba shi dama. “Manzo Ɗangoma.”

Perzidan ya ce, “Shina nan. Rubuta.”

Ta zauna ta rubuta. Da ya karɓi rajistan ya duba, ga abin da ya gani cikin Faransancinta mai tsafta: An kira shi sau uku, bai amsa ba. Perzidan ya ce yana nan.

“Madam, mi na wanga?”

“Abin da kunnena ya ji, ranka shi daɗe. Na ji shiru, na rubuta. Na ji ka, na rubuta.”

“Minista da kainai ya sa hannu. Ke kin hi minista sani?”

“A'a. Minista na Yamai. Ni kau ina cikin ɗakin ga.”

Rajistan ɗinkakke ne, shafukansa da lamba, ba a yaga ba a gogewa. Perzidan ya san haka. Ya rufe shi da ƙarfi, aka ci gaba da taro.

Habsa, ke ce kika yi wannan, ke kaɗai. Mu shida ne maza masu rai a teburin nan, biyu da digiri, ɗaya alhaji sau uku, kuma dukanmu mun zauna a tabarmar makokin mutumin nan. Babu wanda ya buɗe baki. Ke mai albashi mafi ƙanƙanta a ɗakin, mai 'ya'ya huɗu, ke kika ƙi sa wa matacce murya. Har gobe idan na tuna kunya takan rufe ni.

Wata na biyu haka, wata na uku haka. Kofi bakwai, yatsa a layi na biyar, kira sau uku, shiru. Magana ta fita gari, ta kuma yi kitso a hanya. Mai gadinmu ya ce ya ga wani dattijo da farin rawani ya shiga bai ga fitarsa ba. Wata mai tuyar ƙosai ta rantse ya wuce ta gabanta bai yi sallama ba, ƙafarsa ba ta barin sawu. Ni kaina wata Alhamis na shaƙi ƙanshin taba gari a gefen damana. A Tungar Muna aka fara cewa an kama kurwar Manzo an sa ta aiki a Filinge. Mata suka daina zuwa rijiyar da tsakar rana.

Idi, ƙanen marigayin, ya je wajen tsohuwar da ke riƙe da bori a garinsu, ya kai mata goro ya tambaye ta. Ta ce masa, “Ba namu na ba. Mutanenmu na hawa kai, suna sa ciwo, suna warkaswa, amma ban taɓa jin sun sa hannu ga takarda ba. Tahi ka biɗa cikin masu takalmi.”

A wata na uku ne aka kawo maganar Rijiyar Tambara. Aka karanta cewa wakilin manoma ya yarda, ga yatsansa. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga, don saura mini shekara biyu in yi ritaya kuma ina tsoron a jefa ni wani daji. Kafin sati biyu an kafa turakun ƙarfe kewaye da rijiyar, ana jiran waya.

A ranar taron ne muka fito muka ga wata tsohuwa zaune a gindin itacen bedin da ke ƙofar buro, wato ofishinmu, cikin zafin nan na bazara, ta zuba wa ƙofa ido. Balkisa ce, matar Manzo. Ta gama takaba tuni, sai ga labari cewa mijinta yana zuwa taro. Ta hau amalanken jaki tun da safe ta zo ta gani. Mu muka sunkuyar da kai muka wuce. Habsa ta ɗebo ruwa ta durƙusa a gabanta.

“Inna, sannu da rana. Wa kike jira?”

“Ance shina zuwa nan. Ba magana za ni yi mishi ba, ɗiyata. In gane shi dai, in ga ko shina cin abinci.”

Habsa ta ce mini daga baya wannan maganar ce ta hana ta sukuni. Washegari ta fito da takardun halarta guda uku, ta ɗora su a kan juna, ta manna a gilashin taga inda rana take bugawa. Na shigo na same ta a haka. Ta ce, “Likita, zo dibi.” Yatsun uku sun hau juna daram, sun zama ɗaya, karkatarsu ɗaya, ɗigon tawada na gefe ɗaya. Ta ɗauko tsofaffin takardu na lokacin da Manzo yake da rai, ta manna. Wannan ya karkata hagu, wancan ya yi kauri, wani rabi kawai ya fito. Ta ce, “Mai rai ba shi dangwalawa iri guda sau biyu. Wanga roba ta, an sassaƙa ta daga tsohuwar takarda.” Har yau ba a san wanda ya sassaƙa ba, ba a kuma san aljihun da take kwana ba.

Habsa ba ta saci takarda ba, ba ta kai gulma gidan kowa ba. Da Idi ya zo neman bayani, sai ta karanta masa abin da doka ta ce: duk ɗan ƙasa yana da ikon neman kwafin rajistan taro, kuma akwai babbar kotu a Yamai da aikinta shi ne ta duba ko minista ya wuce iyakar da doka ta shata masa. Idi ya zaro ido ya ce, “Ana kai ƙarar minista?” Ta ce, “Ana kai ƙarar takardatai. Amma da wa'adi, kuma ya kusa cika.” Ta buga masa wasiƙar neman kwafi, ya dangwala, ta karɓa a matsayinta na sakatariya, ta buga hatimi, ta ba shi kwafinsa a ranar. Ƙauyuka biyar suka haɗa kai suka ɗauki aboka, wato lauya.

Amsar da ta dawo daga ɓangaren minista gajeriya ce. Babu takardar mutuwa. A idon hukuma Manzo Ɗangoma yana da rai har sai an kawo shaidar akasin haka. Saboda haka sai da aka fara zuwa kotun Filinge don alƙali ya tabbatar da mutuwar mutumin da ciyawa ta riga ta fito a kan kabarinsa. Attajirin ma ya turo nasa aboka, ya ce shaidar Idi ba ta isa ba tunda shi ne mai ƙara. Aka kira Balkisa.

Alƙalin mutumin kirki ne, amma yana da takardar da dole ya cike. Ya ce ta faɗi cikakken sunan mijinta. Ta ce, “Maigidana.” Ya ce suna. Ta nuna Idi ta ce, “Wan wancan.” Ya sake cewa suna yake so. Ta ja mayafi ta rufe baki. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kiran na ubanta ba, kuma ba za ta fara a gaban maza baƙi ba bayan ya kwanta dama. Lauyan attajirin ya miƙe ya ce kotu ta lura shaida ta kasa faɗin wanda ya mutu. Ina zaune a benci na baya ina kallo. Rijiyar gari biyar tana shirin tafiya saboda kunyar tsohuwa ɗaya, kuma babu ɗan Kurfai a ɗakin da zai ce ta yi laifi.

Habsa, wadda aka kira don ta kawo rajista, ta ɗaga hannu. Ta ce, “Ranka shi daɗe, kiran sunan ga aikina na. A bar ni in kira, ita ta hwaɗi abin da ta sani.” Alƙali ya ce bismilla.

Ta miƙe tsaye. “Manzo Ɗangoma.”

Wallahi duk ɗakin sai da ya juya ya kalli ƙofa. Har alƙali. Har Balkisa, wadda ta saki mayafinta ta ɗan ɗago daga benci.

“Manzo Ɗangoma.”

Ƙofar tana buɗe, babu komai a waje sai farar rana da inuwar katanga.

“Manzo Ɗangoma.”

Balkisa ta koma ta zauna. Ta ce, a hankali, amma kowa ya ji, “Wanga da kinka kira, shi na. Ni na ruhe mishi ido ran Laraba, ana ruwa. Ba shi amsawa, ɗiyata. Bari kiran shi hakanan.” Sannan ta fashe da kukan da matan garinsu suka ce ko ranar mutuwar ba ta yi irinsa ba. Alƙali ya rubuta. Lauyan attajirin bai sake tashi ba.

Wata goma sha ɗaya aka yi kafin kotun Yamai ta yanke hukunci. Na karanta shi sau da yawa, shafi huɗu ne. Ya ce ikon minista a kan kujerar manoma shi ne ya tabbatar da wanda suka zaɓa, ba shi da ikon zaɓa musu, ba shi da ikon sabunta kowa ba tare da sun taru ba. Ya ce kujerar ta zama fanko tun ranar da mai ita ya rasu, don haka an soke areten, an soke duk abin da aka yanke da yatsan nan. A shafi na uku alƙalan sun kwafo layin Habsa kalma da kalma. Aka tumɓuke turakun, manoma suka taru a Bonkuku suka zaɓi sabon wakili. Rijiyar Tambara tana nan a buɗe, ko shekaranjiya na ga mata sun kewaye ta.

Kada mai karatu ya ɗauka an ba ta lambar yabo. Tun kafin hukunci ya fito aka tura ta Sanam, wai ana bukatar ƙwarewarta a can. Ta yi shekara huɗu nesa da 'ya'yanta, ƙanwarta ce ta riƙe su. Ni da na ɗaga hannu na yi ritayata lafiya lau, har da walima da kyautar agogon bango. Da aka dawo da ita Filinge ban taɓa jin ta yi wa kowa gori ba, ko ni. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Habsa ta Ɗanliti, wadda makaminki kunne ne da alƙalami kawai, mun gode. Ke ce kika nuna mana cewa hatimin Yamai ma akwai inda yake tsayawa, kuma kotun da ke tsayar da shi ba ta da abin kamawa sai abin da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta a ranar da abin ya faru. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya raya miki zuri'a. Ku kuma matasan da kuke zaune a bayan tebur a Filinge da Damana da Abala, masu buga takardu da masu riƙe rajista, wata rana wani babba zai tsaya a kanku ya ce ku rubuta abin da ba ku gani ba, ba ku ji ba. Ba sai kun yi faɗa ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ku rubuta abin da ya faru, ku sa kwanan wata.

Ranar da ta ajiye aiki babu wanda ya zo daga Yamai. Mutanen Tungar Muna ne suka zo, amalanke uku. Aka sauko da Balkisa, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, sai da aka kamo hannun Habsa aka sa a nata. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana shafawa.

Ta ce, “Sau biyu anka binne shi, ɗiyata. Na hwarko maza sunka yi, da hauya. Bai kwanta ba sai da kinka yi naki.”